Sunan 'Yar Abokina a Gefen Layi

Shekarun baya na tsaya a gaban jama'a na ci mutuncin 'yar abokina a kan laifin da ba ita ta yi ba. Da ana cire rana ɗaya daga rayuwar mutum a jefar, wannan ranar zan fara cirewa. An daɗe da yin sulhu, kowa ya ce ya yafe, amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci kamar ɗazu abin ya faru. Rabin fushin a kaina yake sauka. Ɗaya rabin kuwa, ku biyo ni za ku ji inda yake zuwa.

Ni ɗan makiyaya ne da ya zauna gari. Bokona bai wuce firamare ba, sana'ata saye da sayar da shanu. A lokacin ni ne shugaban wata ƙungiya ta masu dabbobi, mutanenmu sun taso tun daga rugagen Kiyawa har ɓangaren Miga. Babban aikinmu shi ne rigakafi. Mu daidaita da likitan dabbobi, a sa wa kowane yanki ranarsa, kowa ya koro nasa wuri ɗaya a yi musu allura. Da can mutum muke ɗorawa a babur ya bi ruga ruga yana faɗa, wani ya ji, wani bai ji ba.

Ɗana na biyu ya karanta kwamfuta a Dutse, ajinsu ɗaya da 'yar abokina. Su biyun suka zo mini da shawara, wai za su haɗa mana manhajar da za ta riƙa tura wa kowa saƙo a wayarsa, ta gaya masa ranar yankinsa. Na ji daɗi ƙwarai. Abokina ne bai so ba. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, yana zaune a unguwar Takur da ke Dutse, tun muna samari muke tare. Ya ce mini, "Alhaji, bakin dillalan shanu ba shi da linzami. Ba na son 'yata a cikinsu." Ni na tashi takanas na je har gidansa, na ce masa, "Malam, 'yarka 'yata ce. Duk wanda ya ɗaga mata murya da ni zai yi." A kan wannan maganar tawa ya bar ta.

Abin ya yi kyau da farko. Har ardo-ardo suka riƙa yi mini kirari, wai shugaba ya kawo zamani. Ni kuwa ina baza babbar riga kamar ni na haɗa, alhali ko lambar waya sai an adana mini.

Sai damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai. Saƙo ya tafi wa mutanen ɓangaren Miga da ranar da ba tasu ba, ranar mutanen Kiyawa aka tura musu. Suka taso da shanu tun da sassafe, suka bi burtalin nan da gonaki suka matse shi hagu da dama, suka isa wurin allura suka zauna. Likita yana can Kiyawa yana aikinsa, bai san ana jiransa ba. Har la'asar ba kowa. Da suka juya, shanu sun wuni da yunwa, suka ɓalle suka faɗa gonar wani bawan Allah. Mai gona ya fito da 'ya'yansa, sanduna suka tashi. Aka fasa wa wani makiyayi kai, aka karya wa ɗan mai gona hannu. Da ƙyar mai gari ya raba.

Ardon wajen ya kira ni. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba. "Shugaba, wayarka ta ce mu zo, mun zo. Yanzu ga jini a ƙasa. Sai ka taso ka gaya wa mai gonar cewa wayarka ce ta ci masa gero."

Wanda ya san ni ya san zuciyata. In ta tashi ba na ji, ba na gani. Na shiga gida ina huci, na tarar da ɗana a zaure da kwamfutarsa a cinya.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Baba, sai an bincika."

"Bincika. Ina tsaye."

Ya taɓa yi mini bayani cewa rubutun da ke sarrafa manhajar suna ajiye shi ne a wani wuri kamar rumbu, suna ce masa git. Duk wanda ya sauya ko da harafi ɗaya ne, rumbun zai riƙe sunansa da ranar da ya sauya. Kuma akwai wani umarni da in aka ba shi, sai ya jero rubutun layi layi, a gefen kowane layi ga sunan mutum. Ya ce a turancinsu blame suke kiransa, wato ɗora laifi. A ranar na tuna da wannan bayanin, na ce ya buɗe mini shi.

Ya buɗe. Ta dama ga rubutu kamar jerin tururuwa, ta hagu ga sunaye. Ya gangara har ya kai wani layi, ya ce ga inda ɓarnar take. Kowane yanki da lambarsa, an ɗauki lambar Miga an ba Kiyawa, an ɗauki ta Kiyawa an ba Miga. Na sa tabarau na duba gefe. Sunan 'yar abokina ne.

Ya ce, a hankali, "Baba, wannan wanda ya taɓa layin na ƙarshe yake nunawa."

Na ce, "To me kuma ake nema?"

Na ga ya ƙi haɗa ido da ni. Na ɗauka tausayinta yake ji. Na miƙa masa wayata na ce ya ɗaukar mini hoton wurin, sunan ya fito sosai.

Na kira taro a harabar ofishinmu da ke Kiyawa. Ardo-ardo suka zo, dangin mai gona suka zo, dillalai da 'yan kallo suka cika wurin. Abokina ya zo da 'yarsa a a-daidaita-sahu, ya zauna kusa da ni kamar yadda muka saba, bai san abin da na shirya ba. Ko kiransa gefe ban yi ba, jama'a. Mutumin da muka yi samartaka tare, ban ga ya cancanci in ja shi bayan ɗaki in ce ga abin da na gani ba.

Na miƙe na ɗaga waya sama. Na ce na'ura ba ta ƙarya, ba ta da ƙabila, ba ta da ɗan uwa. Na sa aka zagaya da wayar hannu hannu. A cikin taron nan kaf, ban da yaran nan biyu, babu wanda ya san ma'anar harafi ɗaya na rubutun. Amma suna kowa ya iya karantawa, wanda bai iya ba aka karanta masa.

Na juya gare ta. "An ba ki aikin rayukan mutane kin mai da shi wasa. Ga kan mutum a fashe, ga hannun mutum a karye. Me za ki ce?"

Ta durƙusa. Ta ce, "Baba, don Allah a ja baya a duba abin da ke ƙarƙashi. Ni shara kawai na yi wa rubutun, na daidaita layukan don ya karantu, shi ya sa sunana ya..."

Ban bar ta ta ƙarasa ba. "Shara? Ku ji fa, wai shara! To in shara kika iya, me ya fito da ke daga tsakar gidanku?"

Aka tuntsire da dariya. Har yau ina jin dariyar nan a kunnena. Wani dillali har da buga cinya. Ta ɗaga kai ta dubi ɗana, kallo ɗaya. Shi kuwa yana kallon takalminsa. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya ba da haƙuri, Baba."

Abokina ya miƙe, ya kaɗe rigarsa. Bai dube ni ba. Ya ce mata, "Tashi mu tafi." Suka fita, mutane suna darewa suna ba su hanya.

Ni kuwa na koma gida ina ganin na yi adalci. Har ina gaya wa mutane cewa shugabanci ba sani ba sabo, ko 'yar wa ce in ta yi laifi sai a faɗa. Abokina ya ɗauke ƙafa daga gidana, in mun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure sai sallama kawai. Na ce fushin uba ne, zai huce. Na zama mai wa'azin na'ura a kasuwa. Duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya ji labarin alƙalin da ke cikin kwamfuta, wanda ba ya karɓar toshiya. Ni fa, da ban san inda ake kunna kwamfutar ba.

Bayan tafiyarta ɗana ya ɗauko wani abokin karatunsa yana taya shi. Aka yi kaka, aka shiga rani. Sai wata 'yar matsala ta sake fitowa, ba babba ba, saƙo ne yake zuwa wa mutane sau biyu. Da yake yanzu na zama gwani, na shiga zaure na ce wa ɗana, "Buɗe mini mai ɗora laifin nan mu gani."

Ya buɗe, ya nemo layin. Na sa tabarau. Sunansa ne a gefe.

Na ce, "To, yau kai ne a hannu."

Nan take bakinsa ya buɗe. "A'a Baba, ba ni ba ne. Ai wannan ba hujja ba ce. Na ƙarshe kawai yake nunawa. Ni ɗan gyara na yi a wurin, ɓarnar tana nan tun kafin in taɓa. Bari in ja baya ka gani."

Ya danna wani abu. Sunansa ya ɓace, sunan abokin nasa ya fito a wurin, da tsohuwar rana. Ya juyo yana murmushi, ya wanke kansa. Da ya ga fuskata sai murmushin ya mutu.

Na ce, "Ashe ana ja da baya?"

Ya kawar da kai.

"Ja mini na rigakafin Miga."

"Baba, ai wannan ya riga ya wuce."

"Na ce ka ja."

Ya ja. Jan farko ya nuna aikinta, yadda layin yake kafin ta taɓa da yadda ya koma bayan ta taɓa. Ko ni da ban yi boko mai zurfi ba na ga abin da ke nan. Ta ɗan matsar da layin ne ya daidaita da 'yan uwansa, lambobin nan biyu kuwa yadda ta same su a juye haka ta bar su. Haka ta bi rubutun gaba ɗaya tana daidaitawa, shi ya sa sunanta ya hau kusan kowane layi. Na ce ya ƙara ja. Ya ƙara. Ga lambobin a daidai, ga su an juya su, ga sunan wanda ya juya. Ɗana. Wata sabuwar ruga ya zo ƙarawa, yana sauri, ya musanya su.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Wallahi da yaro ne ƙarami da na dake shi, amma mutum ne da gemunsa. Na ce, "Ranar nan ka sani?"

"Na sani."

"Kana zaune, kana ji ina yaga yarinyar nan a gaban ubanta, ka sani?"

Ya ce, "Baba, tsoronka na ji. Ka shigo kamar za ka cinye mutum. Kuma ai na gaya maka na ƙarshe ne yake nunawa."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ce har gobe in na tuna nake jin kamar in shaƙe shi. Ya faɗi gaskiya daidai gwargwadon da za ta cece shi gobe, ya rage wadda za ta ceci yarinyar. Ya san ban gane ba. Ya ga ban gane ba. Ya ɗauki hoton da hannunsa ya miƙo mini.

Na shiga cikin gida ina faɗa, ina cewa na haifi matsoraci. Mahaifiyarsa tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Alhaji, a gidan nan wa ya taɓa ce maka ni ne na yi, ya kwana lafiya? Abin da ka shuka ne ya fito." Na buɗe baki in yi mata tsawa, sai na ga tsawar ita ce abin da take nufi. Na fita.

Washegari na hau mota zuwa Takur. Na tarar da abokina a ƙofar gida a kan tabarma yana sauraron rediyo. Ya bar ni a tsaye na ɗan lokaci kafin ya matsa.

"Alhaji, yau an tuna da mu?"

Na zauna na zayyana masa komai, ban rage ba. Ina jira in ga ya yi mamaki. Ya rage muryar rediyo ya ce, "Na sani. Tun a cikin a-daidaita-sahu ta gaya mini, kafin mu fita Kiyawa."

"Ka sani, Malam? Me ya hana ka faɗa?"

Sai a nan ya ɗaga murya, shi da ban taɓa jin ya ɗaga ba. "In faɗa wa wa? A gaban ardo da mutanen da aka fasa wa kai zan miƙe in ce ɗan shugaba ne? Su yi masa me? Ita ta hango abin da kai ba ka hango ba. Kara ta yi maka, ta rufa wa gidanka asiri da sunanta. Kai kuma ka tura ta shara. Ko da na zo daga baya na gaya maka, me za ka ce? Cewa za ka yi uba ne yake kare 'yarsa. Na san ka, Alhaji. Kai ba a gaya maka, sai ka gani."

Ya aika aka kira ta. Ta fito ta durƙusa, "Ina wuni, Baba," kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ba ta haƙuri, ni da furfurata, na ce na zalunce ta. Na ce ta dawo aikinta, zan wanke ta a gaban kowa.

Ta ce, "Na yafe, Baba, har ga Allah. Amma ba zan koma ba."

Na ce, "'Yata, me ya kai ki taɓa duk layukan nan, tunda kin san sunanki zai hau kansu?"

Ta ce, "Rubutun ya cakuɗe ne, wanda zai zo bayanmu ba zai iya karantawa ba. Na san sunana zai hau. Ban damu ba, don na ɗauka in wani abu ya faru za a tambaye ni."

Na sake kiran taro. Na sa ɗana ya miƙe da ƙafafunsa ya faɗi abin da ya yi, ni ma na faɗi nawa. To amma rani ne, yawancin waɗanda suka yi dariyar nan sun yi kudu da shanunsu. 'Yan tsiraru ne suka zo. Ardo ya saurara ya ce, "To, Allah ya kyauta," sannan ya tambayi yaushe ne rigakafi na gaba. Shi ke nan. Ranar zagi wuri ya cika, ranar wankewa ko tabarmi ba su cika ba. Ko a bara sai da na ji wani a kasuwa yana cewa, "yarinyar nan da ta ɓata saƙo," na tsaya na yi ta masifa da shi har mutane suka taru. Ya ce, "Alhaji, ai daga bakinka muka ji."

Ita yanzu tana aiki da wani kamfani, ta yi gaba abinta, in ta gan ni tana gaishe ni. Ni da abokina mun koma cin tuwo tare. Sai dai duk lokacin da na fara zafi a kan wani, yakan dube ni ta saman tabarau ya ce, "Alhaji, an ja baya kuwa?" Sai in sauko. Ɗana kuma muna lafiya, ya nemi gafara, na ce na yafe. Amma ba zan ɓoye muku ba, akwai wani ɗan wuri a zuciyata da bai gama hucewa ba, kuma na san shi ma yana da irinsa game da ni.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne ni makiyayi ne. Na tashi ina bin sawu. Na san in an zo mashaya aka tarar an dagula ruwa, sawun da ke sama na garken da ya zo ƙarshe ne, ya taka na waɗanda suka riga shi. Ba makiyayin kirki da zai kama na ƙarshe ya ce shi ya dagula, sai ya tsuguna ya duba abin da ke ƙasa. Wannan tun ina yaro na san shi. Amma da aka nuna mini shi a jikin gilashi da turanci, sai na ajiye hankalina gefe na ce na'ura ta yanke hukunci. Na'urar ba ta yi ƙarya ba. An tambaye ta wa ya taɓa na ƙarshe, ta faɗa. Ni ne na ɗauki amsar ƙaramar tambaya na yanke babban hukunci da ita, saboda ina neman wanda zan miƙa wa ardo kafin rana ta faɗi. Duk da haka, wanda ya fara raɗa wa abin nan suna ɗora laifi, da zan gan shi da na gaya masa magana. Ya ba irina sanda a hannu.

Ku 'yan kwamfuta da kuke karanta wannan, in kun buɗe wa wanda bai sani ba abin nan, kada ku tsaya a rabi. Ku ja masa baya har ƙasa, ko da sunanku ne a can. Ku kuma iyaye da shugabanni irina, don girman Allah kada ku yi abin da na yi. In aka nuna muku sunan mutum a gefen ɓarna, ku kira shi ku kaɗai, ku zaunar da shi, ku bar shi ya kai ƙarshen maganarsa. Yarinyar nan ta fara gaya mini gaskiya da bakinta, saura kaɗan ta ƙarasa, ni na katse ta don a yi dariya.